Ranar da Fankon Shafi Bai Zo Ba

Masu karatu, ina yi muku sallama, ina kuma roƙon ku yi haƙuri da ni, domin abin da ya faru jiya bai gama sakina ba. Wanda ya biyo ni tun daga farko ya san inda aka tsaya. Wanda kuwa yau ya fara leƙowa, bari in ja masa kujera in gaya masa a taƙaice.

Ni ce auta a gidanmu. Ni da Umma muna zaune a saman bene, a ƙasa kuma akwai shagon Yayana, inda ni da shi muke gyaran kekunan ɗinki. Umma tela ce tun kafin a haife ni, kekenta yana bakin tagar da ke kallon titi, kuma ban taɓa ganin an matsar da shi daga wurin ba. Mahaifinmu magini ne. Wata safiya ya fita aiki, ya taka katako a hawa na sama, katakon ya goce, babu igiya a jikinsa. Ina ƙarama ƙwarai a lokacin. Abin da na riƙe kawai shi ne Umma a bakin tagar nan, ƙyalle a cinyarta, ƙafarta a kan keke amma keken ba ya motsi.

To, a cikin dukan mazan duniya, wanda zuciyata ta zaɓa shi ne mai hawa dogon ƙarfen sabis. Irin ƙarfen nan da in ka ɗaga kai don ganin ƙarshensa sai hularka ta faɗi. Can yake yini, yana ɗaure da ɗamara, yana kwance wannan yana ɗaura wancan, don wayoyinmu su sami magana.

A wani zauren tattaunawa na masu gyara muka haɗu. Zaure ne na intanet, inda masu gyaran firji da fanka da agogo da keken ɗinki suke taruwa. Duk mai matsala yakan buɗe shafi, ya sa masa kai, ya rubuta abin da ke damunsa, sauran su ba shi amsa a ƙasa. Mai Zaure, wani dattijo da ya yi aikin lantarki har ya ajiye, wanda ban taɓa gani da idona ba, shi ya naɗa ni cikin masu kula. Aikina shara ne: in goge zagi, in goge talla, in goge fankon shafi. Shi kuma mutumin nawa da sunan Mai Igiya yake shiga. Tambayarsa ta farko a kan allurar da za ta iya huda madaurin jakar kayan aikinsa ce. Na ba shi amsa, ya yi godiya, ya sake wata tambayar da ba ya bukatar amsarta, ni ma na amsa ba don ya bukata ba. Sauran kun san shi.

Ya kamata in yi muku bayanin fankon shafi, domin a kansa labarin yau ya rataya. Ɗabi'a ce da ta addabi zaurenmu. Mutum zai buɗe sabon shafi, babu kai, babu jiki, babu ko ɗigo, sai sunansa da lokacin da ya buɗe. Wasu dattawa ne masu danna aikawa kafin su tuna ba su rubuta komai ba. Wasu wayar ce ke yi musu aikin a cikin aljihu. Wasu kuma matasa ne masu son a ga sunansu a sama. 'Yan zaure ba sa barin irin wannan ya wuce salin alin. Kafin in iso da tsintsiyata, sai in tarar an jera a ƙasa:

"Malam, wannan bayani ya gamsar."

"Na gwada a firjina, nan take ya tashi."

"Don Allah a rage tsawon rubutu, wasunmu a wurin aiki muke."

In na goge shafin, zauren da kansa yakan aika wa mai shi da saƙo cewa mai kula ta goge. Ba ni ke rubuta saƙon ba, na'ura ce. Ku riƙe wannan.

Ranar da Mai Igiya ya zo gaishe da Umma, ya sa farar riga mai dogon hannu don ya rufe tabon da ƙarfe ya yi masa a damtse. Bai yi amfani ba. Umma tafin hannunsa ta kalla, ta ga kantar igiya, ta tambaye shi sana'arsa, ya faɗa mata gaskiya. Ta bar shayin da na kawo har ya huce. Sannan ta ce:

"Ɗana, ba ni da abin da zan ce a kan halinka. Amma na taɓa jiran mutumin da ke aiki a sama. Ba zan ba da 'yata ga taga ba. Ka ba ni lokaci in yi tunani. Kafin in gama, kada ka ce mata komai, kada ka rubuta mata komai. Ke ma haka."

Ya ce, "Na ɗauka, Umma." Ni ma na ce na ɗauka, muryata kamar ta wani.

Kafin wannan rana, kullum ya taka ƙasa da yamma sai ya kira ni ya ce, "Na sauko." Ba ya ƙara komai sai ya kwance ɗamara ya sha ruwa. Washegarin alkawari, da lokacin ya yi, ina shago ina riƙe da sukuddireba, kunnena yana kan wayar da na san ba za ta yi ƙara ba. Sai ta yi ɗan motsi. Sanarwar zaure ce: Mai Igiya ya buɗe sabon shafi. Na shiga. Fari fat, babu komai.

Na daɗe ina kallon farin nan. Sannan na yi aikina, na goge. Can inda yake, na'ura ta gaya masa mai kula ta goge.

Haka muka zauna tun daga ranar. Bai ce mini komai ba, bai rubuta mini komai ba. Ni ma haka. Na san wasunku za su ce wayo ne, kuma ba zan yi musu da ku ba, domin ni kaina nakan kwanta ina auna abin, wani lokaci ya fito mini halal, wani lokaci ya fito mini da ɗan duhu a gefe. Amma ku gaya mini, wace ce a cikinku za ta iya rufe shago ta hau sama ba ta san ko ƙafarsa tana ƙasa ba?

'Yan zaure har sun sa masa suna. In ya buɗe sai su ce, "Ga Sarkin Shiru ya iso." Wani mai gyaran agogo ya rubuta cewa da shafin Mai Igiya yake saita agogunan shagonsa.

Yanzu mu zo jiya.

Tun da sassafe na tashi. Na sa doguwar rigata ruwan toka, wadda ba na jin ciwon ta sha man keke, na yafa ƙaramin mayafi baƙi, na sauka. Ban gama share teburin aiki ba sai ga Mai Tabarau. Shi ne wanda Yaya yake so in aura. Shagonsa yana ƙarshen layinmu, yana auna ido yana yanka gilashi. Mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Rigarsa kullum a goge, aljihunsa kullum da ɗan ƙyallen share gilashi, kuma tsawon rayuwarsa ban jin ya hau abin da ya fi kujera tsawo.

Ya yi sallama, ya ajiye wani ɗan akwati a kan tebur. "Sabon tabarau na Umma ne. Na ƙara masa ƙarfi, don zaren baƙi a kan baƙin yadi."

"An gode," na ce.

"Idonki ya yi ja. Kallon waya ne. Ki riƙa ɗaga kai kina duban nesa."

"Nesa take duba ai," in ji Yaya daga bayan wani keke. "Matsalar ke nan. Nesa da sama."

Mai Tabarau ya yi ɗan murmushin jin kunya, ya yi sallama ya fita. Ko ƙofar ba ta gama rufuwa ba Yaya ya miƙe yana goge hannu.

"Auta, mutumin nan ya gaji da jira. Kawunsa ya sake kirana."

"Umma ba ta gama tunani ba, Yaya."

"Umma ta gama tun ranar. Kunyar faɗa miki take ji. Ke kuma kin maƙale wa mutumin da tsuntsaye suka fi ki saninsa."

"Ko tsuntsu ai yana sauka."

"Baba ma ya sauka," ya ce.

Ya yi nadamar maganar tun kafin ta gama fita, na gani a fuskarsa. Ya koma bayan kekensa, ni ma na koma nawa, muka bar ƙarar ƙarafa ta yi mana sauran hirar.

Bayan azahar sai gari ya canja. Iska ta taso daga bayan gidaje, tana kwasar leda tana maka ta a jikin wayoyin lantarki. Allon shagonmu ya fara bugun bango. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, aka fara walƙiya daga nesa. Na san ƙa'idarsu, ya taɓa gaya mini tun muna magana: in iska ta taso sai a sauko. Amma ya kuma gaya mini cewa saukowa tana cin lokaci, taki ɗaya bayan ɗaya, kana kwance ƙugiya kana sake maƙalawa, kuma iska ba ta jiran kowa ya gama.

Na ajiye wayar kusa da gwangwanin kusoshi, fuskarta a sama. Na ɗauka, na ajiye. Na sake ɗauka. Na ce ko sabis ne, na fita bakin ƙofa na ɗaga ta sama kamar mai miƙa wa hadari. Sabis cike yake. Ta yi motsi, na duba: Mai Tabarau ne. "Barka da yamma. Iska tana ɗauke da ƙasa, a kula da ido." Allah ya gafarta mini abin da na faɗa a zuciyata.

Lokacin saukowarsa ya yi, ya wuce. Ruwa ya kece. Na shiga zaure, na fita, na sake shiga. Tambayar firji mai ƙara, tambayar fanka mai juyawa baya, wani yana neman bel ɗin tsohon keke. Babu Mai Igiya. Wata mata da ta kawo kekenta ta fake a shagonmu tana jira, na ɗaura mata allura a juye, na gwada, zare ya cukurkuɗe ya tsinke. Na sake, ya sake tsinkewa.

"'Yar nan, lafiya kuwa?" ta ce. "Ko in dawo gobe?"

Yaya ya karɓi keken daga hannuna ba tare da ya kalle ni ba. "Hau sama. Yau ɓarna kike yi."

Na hau. A kan matakala ma sai da na tsaya na duba.

Umma tana bakin taga, ta rufe gilashin saboda feshi, tana kafa wa wata riga hannu. Na wuce ta zuwa ɗakina, na zauna a bakin gado, na tashi, na buɗe sif ɗin kaya na rufe ba tare da na san abin da na je nema ba. Na dawo falo na gyara matashin da ba ya bukatar gyara. Na ɗauki tsintsiya na share zaren da ke ƙarƙashin kekenta, na koma na sake share wurin.

Keken ya tsaya. Ba ta juyo ba.

"Bai sauko ba?"

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Masu karatu, Umma ba ta san zaure ba. Wayarta 'yar ƙarama ce mai maɓallai, a cikin gwangwanin maɓallan riga take ajiye ta, sau da yawa sai ta mutu ba a sani ba.

"Umma, wallahi bai ce mini komai ba. Ban ce masa komai ba."

"Na sani. Da ya ce, da na gani a bakinki. Ban san ta inda kike sani ba, ban kuma tambaya ba. Amma kullum da yamma akwai lokacin da kafaɗunki suke saukowa. In na ji kin fara waƙa a matakala, na san ya taka ƙasa. Yau ba ki yi ba."

Na durƙusa a gefen keken, na gaya mata komai. Farin shafi, da gogewa, da saƙon na'ura. Ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Sai ta juyo ta kalle ni, kallon da ya fi faɗa ciwo.

"Dubi kanki, Auta. Kin share wuri ɗaya har ya gaji. Ba a ɗaura komai ba, ba ki da ɗa a bayanki, ga yadda kike. Wannan ranar nake guje miki. Ni na yi ta sau da yawa, kullum yana dawowa ina jin kunyar tsorona, har ranar da tsoron ya yi gaskiya."

 Duk hujjojin da na tara tun ranar alkawari, ruwan jiya ya wanke su. Gaskiya ta faɗa, kuma ni ce shaidarta, ina durƙushe a gabanta.

Na tashi na koma ɗaki. A nan na yi abin da mai kula ba ta yi. Na ce in har yana da rai kuma wayarsa tana hannunsa, zai ga sunana. Na danna buɗe sabon shafi, na bar kai babu komai, na bar jiki babu komai, na rufe ido na aika.

Da na buɗe ido sai na ga jan rubutu: ba a karɓar shafi marar rubutu, a rubuta wani abu a sake gwadawa.

Na sake dannawa. Jan rubutun ya sake fitowa. Sai a lokacin na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun safe: yini guda ban goge fankon shafi ko ɗaya ba. Babu na dattawa, babu na aljihu, babu na matasa. Na shiga akwatin masu kula, wanda ban leƙa ba saboda hankalina yana wani wuri, na tarar da saƙon Mai Zaure tun hantsi. Ya ce bisa ƙorafin wani tsohon ɗan zaure, daga yau an toshe wannan ƙofa, kuma yana taya masu kula murnar samun hutu.

Na fito da gudu, mayafina ya maƙale a hannun ƙofa na bar shi a nan. "Umma, an rufe! Ba zai iya ba ko yana so! Wataƙila ya sauko, wataƙila yana can yana ta dannawa!"

"Wataƙila," ta ce a hankali. Kalmar ta tsaya a tsakaninmu, domin tana da fuska biyu, kuma dukanmu muna ganin ta biyun.

Yaya ne ya turo ƙofa, ya rufe shago ya hau, kafaɗarsa a jiƙe. Ya ji ƙarshen maganar. Na juya kansa.

"Yaya, wane ne tsohon ɗan zauren da ya kai ƙorafi?"

Bai ɓoye ba. "Ni ne. Kina tsammani ba ni da ido? Kullum sunansa a sama, kullum ke ce mai gogewa, ko sauran masu kula ba ki bari su taɓa. An ce ba magana, kun mai da zauren mutane wurin zance. Na yanke."

"Ba zance ba ne."

"To mene ne? Karatu?"

Umma ce ta amsa masa, idonta a kan titi. "Saukowarsa ce. In ya taka ƙasa yake buɗewa."

 Yaya ya kalli taga, ruwa yana dukan gilashi, ya kalle ni. Shi ya girme ni sosai, shi ya san ranar Baba da wayonsa, shi aka aika ya kira maƙwabta. Na ga ranar ta dawo masa gaba ɗaya. Ya zauna a hannun kujera kamar an cire masa ƙashi.

"Ban sani ba, Auta. Na ɗauka iyayi ne." Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa. "Ba ni lambarsa. Ni ban yi wa kowa alkawari ba."

Na faɗa masa ita da ka. Ya kira, ya sa a kunne, muna kallon fuskarsa. Ya sauke. "Ana magana da ita." Ya sake kira. "Har yanzu."

Ana magana da ita. Shi ne ke magana, ko wani ne ya ɗauki wayar daga aljihunsa yana neman danginsa? Na jingina da bango.

Sai muka ji wani ɗan kuka, siriri, a shaƙe, kamar ƙwaro a cikin kwalba. Muka dubi juna. Daga gwangwanin maɓallan riga yake fitowa.

Umma ta buɗe murfin, ta tona cikin maɓallai, ta ciro 'yar wayarta. Ta kai ta nesa da ido ta kasa karantawa, ta danna kawai. Wayar irin mai ƙarar nan ce, duk ɗakin yana jin wanda ke ciki. Na ji iska, na ji ruwa yana dukan kwano, sannan na ji muryar da rabona da ita tun ranar farar riga.

"Salamu alaikum, Umma. Ni ne. Ki gafarce ni da kira." Yana haki. "Na sauko, Umma. Tun ɗazu. Iska ta riƙe mu a tsakiya, amma mun sauko lafiya, ni da abokin aikina. Akwai wata hanya da nake bi, yau na tarar an rufe, sai an yi rubutu. Na yi miki alkawarin ba zan rubuta ba. Na daɗe a nan ina juya wayar, na rasa wanda zan faɗa wa. Sai na ce ke ban yi alkawarin ba zan yi miki magana ba."

 Umma ta riƙe wayar da hannu biyu. Na ga leɓenta yana motsi, na ga ta kai ɗaya hannun ta dafa kan keken. Shekara da shekaru tana zaune a bakin tagar nan, kuma ban taɓa tunanin akwai kalmar da ta rage ba a faɗa mata ba sai jiya: "Na sauko."

"Umma? Kina ji na?"

"Ina jin ka." Ta gyara murya. "Ka sha ruwa?"

"Ban sha ba tukuna."

"Ka sha. Ka cire rigar nan mai jiƙa." Ta kalli ɗinkin rigar da ke kan keken. "Abin nan da kake ɗaurewa da shi a sama. Na yadi ne ko na fata?"

"Wani irin madauri ne mai kauri, Umma. An ɗinke shi a mahaɗa."

"An ɗinke shi." Ta gyaɗa kai kamar an zo inda ta sani. "Wa ya ɗinka?"

"Daga kamfani yake zuwa, Umma. Ana dubawa."

"Ban san mai dubawar ba. Gobe in ka sauko, ka zo mini da shi, da igiyar, da ƙugiyoyin, duka. Zan ga ɗinkin da idona, zan ja shi da hannuna."

"To, Umma. In Allah ya so."

"Kuma ba wurinta za ka zo ba, wurina za ka zo. Alkawari yana nan."

"Yana nan, Umma."

Ta kashe wayar, ta mai da ita cikin gwangwani, ta rufe murfin da kyau. Yaya ya share fuskarsa da tafin hannu, ya ce cikin ƙaramar murya, "To kawun Mai Tabarau fa? Me zan ce masa?"

"Ka ce masa ina duba wani ɗinki."

Na matso zan rungume ta, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. "Kada ki yi mini waƙa a matakala tukuna. Ban ce komai ba. In na sami zare ɗaya da ya saki, Auta, ɗaya tak, maganar ta ƙare, kuma ba za ki sake tayar mini da ita ba. Kin yarda?"

Masu karatu, na taɓa ganin ɗamarar nan sau ɗaya, a bayan babur ɗinsa. Ta sha rana, ta sha ruwa, ta sha gogar ƙarfe. Ban san yadda mahaɗanta suke ba. Na kuma san idon Umma: ta taɓa mayar da riga sukutum saboda taki ɗaya da ya karkace a cikin aljihu, inda babu mai gani. Amma na tambayi kaina, in har akwai zaren da ya saki, wa nake so ya fara gano shi, Umma ko iska?

"Na yarda," na ce.

Yanzu da nake rubuta muku wannan, rana ta karkata, gari ya yi wasai kamar ba shi ya yi jiya ba. Wayata a aljihu ta yini, yau ban ciro ta ba sai don wannan rubutu. Umma ta kwashe yadukan da ke kan teburinta tun da hantsi, ta goge shi, ta jawo shi inda haske ya fi faɗowa. Ta buɗe ɗan akwatin da Mai Tabarau ya kawo, ta sa sabon gilashin, ta ɗaga wani baƙin zare ta dube shi, ta ce lallai mutumin nan ya iya aikinsa, yanzu babu abin da zai ɓoye mata.

Ga ƙarar babur nan ta tsaya a ƙofar shago. Ina jin ƙugiyoyi suna karo da juna a kan matakala.